Horar da malamai ta wayar salula: Kada mu saki reshe mu kama ganye

A farkon zangon karatun da ya wuce ne wata 'yar ƙanena, wadda aka ɗauka aikin koyarwa aka tura ta wata makarantar firamare ta ƙauye, ta kira ni da daddare cikin damuwa. "Baffa," in ji ta, "yau kwana goma ke nan ina koya wa 'yan aji biyu lissafin ɗebewa mai aro, amma har yanzu in na ce su ɗebe 17 daga 42, sai yawancinsu su rubuta mini 35." Yarinyar nan tana da takardar NCE, kuma ba raguwa ba ce. Matsalarta ita ce babu wanda za ta tambaya, domin hedimastan makarantar shi kansa azuzuwa biyu yake riƙe da su, sauran malaman kuwa kowa ta kansa yake yi.

Na ba ta shawarar da aka ba ni lokacin da nake sabon malami, wato ta sa yaran su ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma, ta yadda idan yaro ya zo ɗebe bakwai daga biyu zai ga dole ne ya kwance ɗauri guda. Bayan kwana uku ta ce mini ba ta ga wani canji ba. Sai na ce ta jingina wayarta a bayan aji ta ɗauko mini hoton bidiyo na minti goma. Da na kalla sai na ga inda gizo ke saƙa. Tsinken yana hannunta ita kaɗai, ta juya wa aji baya tana bayani a jikin allo, yara biyar ko shida da ke gaba suna amsawa da ƙarfi, sauran kuma suna bin bakinsu ba tare da sun fahimci komai ba. Shawarata ta farko ba ta yi aiki ba ne saboda na bayar da ita ban ga ajin ba.

Na kawo wannan labari ne domin a 'yan shekarun nan, musamman tun bayan rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, magana ta yawaita a kan horar da malamai ta hanyar intanet da wayar salula. Ana cewa a haɗa sabon malami da gogaggen malami ko da yana wata duniya, a buɗe musu zaurukan WhatsApp su riƙa ƙaruwa da juna, shi ke nan an huta da ɗawainiyar tafiye-tafiye. Ni ina daga cikin masu goyon bayan wannan tsari, amma bisa sharaɗi guda, wanda nake ganin idan aka yi sakaci da shi za a yi asarar kuɗi da lokaci: dole ne a samu wanda zai riƙa ganin yadda malami ke koyarwa a cikin ajinsa.

Koyar da malami daga nesa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara sun yi wa makarantu ambaliya alhali babu isassun malamai. A wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malamin da ke bakin aiki ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Ana ba shi littattafai ya karanta a gida, a ƙarshen mako da lokacin hutu kuma ya je cibiyar karatu ya sadu da masu koyar da shi da 'yan uwansa malamai. Waɗanda suka tsara wannan shiri sun fahimci cewa takarda kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa suka haɗa ta da zaman ido da ido.

Abin takaici shi ne, da tafiya ta yi tafiya sai horar da malamai ya koma taron bita na kwana uku ko biyar a babban birnin jiha. A tara malamai ɗari biyu a ɗaki guda, wani masani ya yi ta zuba bayani, a raba jaka da takardar shaida da ɗan alawus, kowa ya kama gabansa. Na halarci irin waɗannan tarurruka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba na jin kunyar faɗin cewa ranar Litinin in mun koma aji, yadda muka saba haka muke ci gaba da yi, domin babu mai zuwa ya ga ko mun gwada abin da aka faɗa mana. Sau da yawa ma ba wanda ya fi bukata ake turawa ba, sai wanda yake da uwa a gindin murhu.

Sakamakon wannan sakaci bai ɓuya ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su samu maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, daga bisani aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ingancin jarrabawar da kuma adalcin hukuncin, amma tambayar da ta fi damuna ita ce: a tsawon shekarun da waɗannan bayin Allah suka yi suna shiga aji, sau nawa wani ya zauna a bayan ajinsu ya kalli darasi, sannan ya ja su gefe ya gyara musu? Ko tela ba ya sakar wa yaronsa almakashi ya tafi, sai ya tsaya a kansa ya ga yadda yake yanka.

To, shin wayar salula za ta iya maye gurbin wannan tsayuwa? An gwada, kuma yana da kyau masu tsara mana manufofin ilimi su san abin da gwajin ya nuna. Daga 2017 zuwa 2019 ma'aikatar ilimi ta Afirka ta Kudu tare da wasu masana sun gudanar da bincike a makarantun firamare 180 a lardin Mpumalanga, kan koyar da Turanci ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. An ware makarantu 50 aka ba malamansu tsararrun darussa a takarda, tare da ƙwararren mai ba da shawara da ke zuwa har cikin aji. Wasu 50 kuma aka ba su darussan a cikin kwamfutar hannu, mai ba su shawara yana tuntuɓarsu ta kiran waya da WhatsApp. Sauran 80 aka bar su yadda suke domin a samu ma'auni. A ƙarshen shekarar farko ɓangarorin biyu sun yi kusan kunnen doki, har murna ta fara kama masu neman hanya mai sauƙi. Amma bayan shekara uku sai labari ya sha bamban. Yaran malaman da ake ziyarta sun ci gaba a magana da kuma karatu. Yaran malaman waya kuwa sun ɗan ci gaba a magana kawai, karatunsu na Turanci bai motsa ba, karatunsu a harshen uwa ma ja da baya ya yi. Masu binciken ba su ɗora laifin a kan lalacewar na'ura ba. Abin da suka fi alaƙanta shi da shi shi ne mai ba da shawara ta waya ba ya ganin aji, saboda haka ba ya iya gano takamaiman kuskuren malami, kuma malamin ya san babu mai zuwa dubawa.

Haka kuma a 2018 wasu masana uku a Amurka sun tattara bincike 60 da aka yi a kan tsarin haɗa malami da mai yi masa jagora. Sun samu cewa tsarin yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga ƙoƙarin ɗalibai, sai dai amfaninsa yana raguwa idan aka faɗaɗa shi zuwa malamai masu yawa. Dalilin a fili yake, domin samun gogaggun masu jagora da yawa ba abu ne mai sauƙi ba. Wannan gargaɗi ne gare mu, mu da muka saba ƙaddamar da shiri a duk faɗin jiha rana ɗaya.

Duk da haka, wanda ya ce a yi watsi da waya bai san halin da karkararmu ke ciki ba. Akwai makarantu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wani yanki na Kaduna da babu jami'in da zai yarda ya hau babur ya nufe su saboda 'yan bindiga. Akwai malamai mata masu goyo da ba za su iya barin gida su kwana biyar a birni ba. Ga irin waɗannan, saƙon murya daga gogaggiyar malama ya fi babu nesa ba kusa ba. A sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke Kenya, wani shiri da kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia ta Amurka ta fara a 2016 ya haɗa malaman sansanin da masu ba su shawara daga ƙasashe daban-daban ta WhatsApp. Amma ko a can ba a tsaya a waya kaɗai ba, an fara da horo ido da ido, sannan malaman suna zama rukuni-rukuni a tsakaninsu a cikin sansanin. Mu ma nan gida, shirin inganta malamai na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013, wanda ya faro a Jigawa da Katsina da Zamfara, ya sanya wa malamai hotunan bidiyon darussa a waya, ya kuma haɗa da tarukan malaman makarantun da ke maƙwabtaka da juna.

Wannan zama na malamai a tsakaninsu shi ne ginshiƙin da muka fi rainawa, alhali shi ya fi araha. A Japan sama da shekara ɗari ke nan malamai suna da al'adar tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallon yadda yara ke fahimta, daga nan su zauna su tattauna abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Ba a bukatar otal ko baƙon masani kafin a yi wannan. Abin da ake bukata shi ne sa'a biyu a mako da hukuma ta amince cewa lokacin aiki ne, da kuma shugaban makaranta da ba ya ɗaukar tambaya a matsayin gazawa. Idan aka samu wannan, sai waya ta zama gada tsakanin wannan zama da na gaba, ta kuma kawo wa malamin ƙauye muryar wanda ya fi shi sani.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu da hukumar UBEC, wadda ke ware wani kaso na kuɗinta domin horar da malamai, da su sake lissafi. Maimakon a ƙarar da kuɗin a taron kwana uku, a zaɓo gogaggun malamai a kowace gunduma, har da waɗanda suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, a ba kowannensu sababbin malamai da ba su wuce goma zuwa goma sha biyar ba. Ya ziyarci kowane ɗaya a aji aƙalla sau biyu a zango, a tsakani kuma su riƙa magana ta waya. Inda hanya ba ta biyuwa, ɗan gajeren bidiyon darasi ya tsaya a madadin ziyarar, da sanin hedimasta da iyayen yara, kuma kada ya fita daga hannun mai jagora.

Sai kuma a kula da abubuwan da ke kashe irin wannan shiri tun yana jariri. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba zai sayi data da kuɗinsa ba, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Dole hukuma ta ɗauki wannan nauyi, ta kuma tanadi darussan a katin ajiya na waya yadda za a iya kallo ba tare da intanet ba, domin ba mu manta yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a watan Satumba na 2021 ba. Bayanin kuma a yi shi da Hausa ko harshen da malamin ya fi ji, tunda fahimta ake nema. Mafi muhimmanci, a raba aikin mai jagora da na mai hukunci. Ranar da aka yi amfani da bidiyon wani malami aka tsayar masa da albashi ko aka yi masa canjin wurin aiki, daga ranar babu wanda zai sake nuna rauninsa, kowa zai riƙa turo darasin da ya shirya domin burgewa. A ɗaya ɓangaren kuma, ya kamata hukumar rajistar malamai ta TRCN da hukumomin jihohi su sanya wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, ga mai jagora da wanda ake yi wa.

Mu ma da muka yi karatu muka samu abin yi a birane, da yawanmu 'ya'yanmu suna makarantun kuɗi, muna da hakki a wuyanmu. Kusan kowannenmu malamin firamaren gwamnati ne ya fara ɗora masa alli a hannu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi su yi wa makaranta fenti, za su iya ɗaukar nauyin man babur da datar mai jagora guda na shekara, kuma amfanin hakan zai fi daɗewa a kan fentin.

Ita dai 'yar ƙanena, bayan mun kalli bidiyon tare ta waya, ta raba wa yaran tsinken rukuni-rukuni, ta daina karɓar amsar taron dangi, ta koma kiran yaro da sunansa. A makon da ya biyo baya ta ce mini mafi yawansu sun fara rubuta 25. Yanzu ita da wasu malamai mata uku na ƙauyukan kusa suna haɗuwa duk ranar Alhamis bayan an tashi, ɗaya ta koyar sauran su kalla. Ita ta yi sa'a tana da baffan da ya taɓa riƙe alli. Dubban sababbin malamai da ake turawa karkara kowace shekara ba su da wannan gata, kuma bai kamata makomar yaran da ke gabansu ta dogara ga sa'a ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa.