Martani: Saurin Ƙarewar Siziyom Ba Hujja Ba Ne

Wani marubuci ya ce duk mai sankarar furostet da za a dasa wa ƙwayoyin radiyeshan ya nemi siziyom-131, wai shi ne sabo kuma shi ya fi saurin gama aiki. Saurin gaskiya ne. A cikin sinadaran da ake dasawa, ƙarfin siziyom yana raguwa da rabi cikin kwana 9.7, na faladiyom-103 cikin kwana 17, na ayodin-125 kuwa sai kusan kwana 60. Amma ina shaidar cewa saurin yana ƙara warkarwa? Gwajin da Wallner da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2003, wanda ya kwatanta ayodin da faladiyom a kan masu cutar da ba ta yi tsanani ba, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba a sakamakon gwajin jini na PSA, wanda ake bibiyar cutar da shi.

Za a ce mai saurin ƙarewa yana taƙaita wahalar fitsari. To, amma yakan tara ta ne a makonnin farko. Ga kuma abin da marubucin ya tsallake: furostet yana kumbura bayan dashen, ƙwayoyin su yi nesa da juna, kuma siziyom yana zuba mafi yawan ƙarfinsa a daidai wannan lokacin. Shi ya sa ƙwararru ke fara duba hoton CT na bayan dashe, su ga ko ƙarfin ya game kashi 90 cikin 100 na furostet ɗin. Likitan da ya jera ƙwayoyin a karkace, ko wane sinadari ya ɗauka, ya bar wa sankarar mafaka.