Kajin gida na bukatar rigakafi, ba zakaran waje ba

Matasa da dama a Maradi da Damagaram na zuba jari a kiwon kaji, sau da yawa da kuɗin da ƴan uwa ke aikowa daga waje. Yawancinsu kajin turawa suke saye, ko su saki zakaran waje cikin kajin gida don ƴaƴan su yi girma.

Nan asarar take. In aka ci gaba da barbarar, iri kamar Kolonto, babbar kazar yankin Gaya, da shikirkita da mai wuya ba gashi za su narke. Alhali su ne ke jure zafin bazara, su yi kiwo da kansu, su kwanta kan ƙwai. Kazar turawa kuwa sai da abincin saye da magani.

Babbar matsalar kazar gida ita ce cutar Newcastle da ke share akurki lokacin hunturu, kuma tana da rigakafi mai araha. Ya kamata ma'aikatar kiwo ta kai shi ƙauyuka, cibiyar INRAN kuma ta ware garken da ba a gauraya ba. Irin da ya ɓace, kuɗi ba ya dawo da shi.