Wat 3,000 a Jikin Kwali: Ƙaryar da Ake Sayar wa Masu Mota

Duk wanda ya shiga shagon kayan sautin mota zai tarar da kwalayen amfilifaya ɗauke da manyan lambobi: wat 2,000, wat 3,000, har fiye. Da waɗannan lambobi ake ciniki, alhali yawancinsu ba sa gaya wa mai saye komai. Abin da ake bugawa da manyan baƙaƙe shi ne ƙololuwar ƙarfin da ake iƙirarin na'urar za ta taɓa na ƙiftawar ido. Ƙarfin da take iya riƙewa tana aiki, wanda ake kira RMS, sai an sa ido kafin a gan shi a gefen kwali, in ma an rubuta.

Lissafin ba ya buƙatar injiniya. Idan mota tana aiki, wutarta ba ta wuce bolt 14.4 da wani abin kirki ba. Amfilifayar da fis ɗinta na amfiya 30 ne ba za ta ja fiye da kimanin wat 430 na tsawon lokaci ba, kuma wani kaso na wannan zafi yake komawa. To daga ina wat 3,000 za su fito? Saboda irin wannan algus ne masana'antar kayan lantarki a Amurka ta fito da ma'aunin CEA-2006, wanda ke auna ƙarfi a bolt 14.4, kuma gurɓatar sauti ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Wannan ba hujjar guje wa amfilifaya ba ce. Rediyon motar da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, a zahiri kimanin wat 20 yake bai wa kowace lasifika. Da an matsa masa sai ya fara guntule sauti, murya ta shaƙe, ganga ta koma kwaramniya. Amfilifaya mai wat 60 ko 75 na gaskiya tana magance wannan, domin tana da rarar ƙarfi. Amfaninta ke nan: tsabtar sauti. Mai neman ƙara kuwa ya sani cewa ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa; sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji sautin ya ninka.

Masu haɗawa ma suna da nasu kason na laifi. Da yawansu kan murɗa makunnin daidaita sigina har ƙarshe don burge mai mota, alhali aikinsa daidaita amfilifaya da rediyo ne. Guntulallen sautin da ke biyo baya yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona ƙananan lasifiku. Mafi muni shi ne jawo waya daga batir ba tare da fis kusa da shi ba: ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, gobara ce.

Akwai kuma asarar da ba a sayo madadinta a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Saboda haka mai saye ya nemi lambar RMS, ya duba fis, ya daidaita ƙarfin da na lasifikunsa. Mai shagon da ya kasa nuna wannan lamba bai cancanci ko kwabo ba.