Fistol a Gida: Harsashin da Ake Mantawa

Masu tambaya ko za su sayi fistol saboda 'yan fashi, ku sani Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakarta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Maganata yau da gidajen 'yan sanda da sojoji ce, inda maigida ke dawowa da ita daga aiki.

Cire gidan harsashi bai sa bindiga ta zama fanko ba. Irin mai ɗura kanta takan riƙe harsashi ɗaya a ciki, taɓa kunama kawai ya isa. Maigida, kawar da bakinta daga mutane, ja samanta baya, duba da idonka, sannan ka kulle ta daban, harsasai daban. Ƙarƙashin matashin kai kuwa, yara sun riga sun san wurin.