Ya bar ƙafarsa a fagen daga, sunansa ma za ku ƙwace?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, Umdurman ta cika da samari masu dogara sanda. Sojoji sun ƙwato Khartum a Maris 2025, yanzu kuma lokacin alƙawari ne: za a ba waɗanda suka naƙasa a yaƙi jari, da shago, da keken raksha. Madalla. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ban ji mai tambayar wanda zai riƙe kuɗin ba bayan an gama ɗaukar hoto.

Mun san halinmu. Ɗan kasuwar Sudan ba baƙo ba ne wajen ɗauko talaka ya sa hannu a takardar bashin banki, wanda ake kira joki, shi ya kwashe kuɗin, in asiri ya tonu talakan ya kwana a kurkuku. To wanda ya iya wannan da mai ƙafa biyu, me zai hana shi yi da sojan da ke kwance yana neman kuɗin magani? Alhaji zai zo da murmushi: "Ɗana, kawo katinka kawai, duk wata kana da ɗan abin cefane." A rajista kamfanin na sojan ne. A zahiri ko ƙofar ma'ajiyar kaya bai taɓa gani ba.

Amurka ta riga mu faɗawa wannan rami. Dokarta ta 2003 ta ba da dama a keɓe wasu kwangilolin gwamnati ga ƙananan kamfanonin tsofaffin sojojin da suka naƙasa a bakin aiki. A 2009 ofishin binciken kuɗi na majalisarsu ya duba kamfanoni 10 kacal, ya tarar sun karɓi kwangilar kusan dala miliyan 100 ta hanyar ha'inci, wasunsu inuwa ce kawai ta manyan kamfanoni. Alhali ƙa'idarsu ba ta tsaya ga mallakar kashi 51 cikin ɗari ba. Dole sojan ya riƙe muƙami mafi girma, ya tafiyar da harkar yau da kullum, ya yanke manyan shawarwari. Daga Janairu 2023 hukumar ƙananan masana'antu ta ƙasar ce ke tantancewa. Ƙasar da ke da kotuna a tsaye ke nan. Ina ga mu, da ma'aikatunmu suka ƙone da takardunsu?

Saboda haka a tantance, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma na san irin tantancewar da ma'aikacinmu zai so yi, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Zai faɗo shago da ƙarfe goma na safe, ya tarar mai shi ba ya nan, ya ja jan biro. Mutumin kuwa yana can yana bin layin gwada ƙafar roba, ko ciwon dungulmi ya hana shi barci. Shi kuwa Alhaji, da yake wani ya tsegunta masa ranar zuwan jami'i, ya riga ya aika mota an ɗauko sojansa, an sa masa sabuwar jallabiya, an zaunar da shi bayan tebur da kofin shayi. Mai gaskiya ya faɗi, ɗan damfara ya haye. Kashin dankali ke nan.

Zaman kujera ba shi ne riƙon kasuwanci ba. Je ka kasuwar Sabrin ta Umdurman ka tsaya minti biyar a bakin kowane shago. Mai saye ya tura kuɗi ta manhajar Bankak, wayar wa ta yi ƙara? Wa ke cewa a ba wane bashin buhun sukari, a hana wane? Wa yaron shago ke tsoron ya kore shi? Tambayi mutum nawa ya sari jarkar mai a makon jiya, kuma a hannun wa. Mai abu zai amsa kafin ka rufe baki, har da zagin dillalin da ya cuce shi. Ɗan aro kuwa zai waiga ya kalli wani. Makaho ma yana iya amsa waɗannan daga kan tabarmarsa. Wanda rauninsa ya yi tsanani, a bar matarsa ko mai jinyarsa ya riƙe masa, kamar yadda dokar Amurkan ta yarda, muddin ribar gidansa take shiga.

In kuma an kama aron suna, kada a soma da sojan. Yunwa ce ta sa shi sa hannu. A bi kuɗin zuwa asusun da suka kwana, a ƙwace ribar, a hana mai asusun kwangilar gwamnati, ko da tsohon janar ne. Na ce janar da gangan, domin rundunar da ke da Giad da Zadna, kamfanonin da tsohon firaminista Hamdok ya yi ta kukan ma'aikatar kuɗi ba ta da iko a kansu, tana da manyan da suka fi kowa sanin sunan kowane kurtun da aka yanke wa ƙafa, da lambar wayarsa.