Fatauci da ciwo a jiki: magani ma jari ne

Sunan unguwar Zongo da ke tsakiyar birnin Yamai yana ɗauke da wani darasi da 'yan kasuwar yau suka yi watsi da shi. Zango shi ne wurin da ayarin fatake ke yada kaya, a sauke wa dabbobi nauyi, a dafa abinci, a duba wanda ya gaza. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan shafe watanni a hanya, amma madugu ba ya barin ayari ya wuce zango, don ya san jikin mutum da na jaki duk suna da iyaka.

Magadansu kuwa sun soke zango. Matashi ya shiga kar da asuba a Yamai, ya yi kilomita wajen 660 zuwa Maraɗi, washegari ya ƙetara ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano, ya yini a Kantin Kwari, ya juyo ba tare da barcin kirki ba. Mai cikakkiyar lafiya ma yana ji a jikinsa, balle wanda garkuwar jikinsa ke yaƙar jikinsa.

Irin waɗannan cututtuka sun haura 80. A cikinsu akwai ciwon sukari nau'i na 1, inda garkuwar jiki ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu ya sandare su da safe. Da lufus, wanda kan taɓa fata da gaɓɓai da ƙoda, kuma kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne, galibi a shekarun ƙuruciya. Wato shekarun da mace ke kafa jarinta, tana zirga-zirga tsakanin Yamai da Lome ko Dubai.

Babbar matsalar ba ta fara daga hanya ba, daga shiru ta fara. Da zarar an ambaci "garkuwar jiki", kunnen mutane sida yake ji, alhali abubuwa biyu ne daban: a sida garkuwa ce ke karyewa, a nan kuwa garkuwar ce ta rikice ta daina bambance baƙo da ɗan gida, kuma ba a ɗaukar cutar daga kowa. Wasu kuma su ce sammu ne ko jifa, musamman idan ciwon ya taso a daidai lokacin da kasuwa ta buɗe wa mutum. Saboda haka mai ciwon ke ɓoyewa, don kada ubangida ya daina aikensa ko abokin ciniki ya janye jarinsa. Sai ya tafi da mutanen da ba su san komai ba, ranar da sukarinsa ya faɗi tsakanin Doso da Dogon Dutsi, a yi ta yayyafa masa ruwa, alhali abin da yake buƙata shi ne sukari a baki idan yana iya haɗiya, ko asibiti mafi kusa idan ya suma. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ba sai an yi shela a tasha ba, amma lallai mutum ɗaya a cikin tafiyar ya san sunan cutar da abin da za a yi.

Abu na biyu shi ne lissafi. Ɗan kasuwar Zongo ya ƙware wajen lissafin kuɗin duwan da na dako da canjin naira zuwa sefa, amma sai ya ɗauki maganin kwana biyar don tafiyar kwana biyar. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 an rufe iyakoki, mutane da kaya suka maƙale, magunguna suka yi ƙaranci a ƙasar. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, matafiya suka koma tsallaka kogi da jirgin ruwa, manyan motocin da ke fitowa daga Lome kuma suka riƙa jiran rakiyar sojoji ta Burkina Faso. A irin wannan yanayi, wanda ya ƙirga ƙwayoyinsa daidai da kwanakin tafiya caca yake yi da ransa. Ya kamata a ninka, a raba gida biyu, kashi ɗaya ya zauna a jikin mutum, kada ya shiga cikin kayan da ake lodawa.

Dalili kuwa shi ne wasu magungunan ba a tsayar da su farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan kotizon, jikinsa kan rage samar da nasa, idan ya yanke kwatsam jini na iya faɗuwa har rai ya salwanta. Mai ciwon sukari nau'i na 1 kuwa, rashin insulin na kwana ɗaya ko biyu ya isa ya kai shi ga halaka. Metotireksat, wanda ake ba masu amosani, sau ɗaya ake shan shi a mako, kuma haɗa shi da Bactrim ko Septrin, waɗanda ake saya kamar goro don gudawa, yana iya durƙusar da ɓargon da ke samar da jini. Shi ya sa sayen magani a wurin masu talla a tasha ya fi zama haɗari ga waɗannan mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci.

Zafi ma abin lura ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce maki 40. Rana na tayar da lufus, don haka hula da riga mai dogon hannu da neman inuwa suna cikin magani. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, maki 2 zuwa 8, amma ƙanƙara na kashe shi, shi ya sa a jirgi ake riƙe shi a jakar hannu. Akwai labari mai daɗi: binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya nuna cewa insulin da ake amfani da shi yana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37 har mako huɗu. Wannan ba lasisin ajiye shi a gaban mota ba ne, amma jiƙaƙƙen ƙyalle ko ƙaramar tukunyar ƙasa na iya taimakawa inda babu wuta.

Masu tafiya ta filin jirgin Diori Hamani suna da nasu shiri. Allurar rigakafin shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma ba a yi wa wanda ke shan magungunan danne garkuwa sai da shawarar likita, wanda zai iya rubuta takardar uzuri. Dubai kuma tana tsaurara doka kan magunguna irin su tiramadol da kodin. Takardar likita mai ɗauke da sunan cuta da ainihin sunan kowane magani, da Faransanci da Turanci, ta fi duk wani dogon bayani a gaban jami'i.

Wani zai ce duk wannan shawarar masu hali ce, wanda jarinsa bai wuce jikka ɗari biyu ba ina zai samu kuɗin maganin wata biyu? Gaskiya ne, kuma a nan ne nauyin ya bar wuyan marar lafiya shi kaɗai. 'Yan uwan da ke Faransa da Amurka da Akara sukan aiko da kuɗin biki da na ƙarin jari. Ware wani abu don magani da gwajin jini da na fitsari ya fi amfani, domin lufus kan ci ƙoda a ɓoye kafin mutum ya ji komai. Kamfanonin sufuri, da suka iya sanya na'urar sanyaya mota, za su iya tanadar ƙaramin wurin ajiye magani da tsayawa a kan lokaci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke yin adashi za su iya buɗe asusun lafiya. Hukuma kuma, ta hannun ONPPC, ita ke da alhakin ganin insulin da Plaquenil ba su yanke a kantunan magani ba duk lokacin da siyasa ta rufe wata hanya.

Sauran aikin na matafiyin ne. Ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti, ya sa kwana ɗaya na hutu a cikin lissafin tafiya kamar yadda yake sa kuɗin duwan, idan ciwo ya taso kuma ya aiki yaro ko ya yi cinikin ta WhatsApp. Kasuwar Kano da ta Lome suna nan ba inda za su, kuma ribar da aka rasa a tafiya ɗaya ana iya mayar da ita a ta gaba. Ƙodar da ta lalace kuwa, kuɗin wankinta kaɗai ya isa ya cinye jarin gida gaba ɗaya.