RA'AYINMU: Tsadar Tikitin Umra A Watan Azumi

Kowace shekara, da zarar watan Sha'aban ya raba, kuka ɗaya muke ji daga bakin 'yan'uwanmu mazauna Kudu masu niyyar kai iyalansu Umra, watau kuɗin jirgi ya fi ƙarfin mutum. Ana yin wannan kuka a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a nan Ikko, ana yinsa a Sabon Badun da Shagamu, har Fatakwal. Magidanci ya shekara yana tari, ya yi wa mahaifiyarsa alkawari, ya faɗa wa maiɗakinsa ta shirya, sa'an nan ya je ofishin masu sayar da tikiti a gaya masa farashin da zai sa ya fito yana share zufa. Mu dai a ganinmu, kashi ɗaya na wannan tsada daga sama take, ba yadda talaka zai yi da ita. Amma akwai kashi mai yawa wanda mu ne muke jawo wa kanmu, saboda ba mu tashi neman tikiti sai ranar da kowa yake nema.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga magidanci ɗan Inkil, unguwar nan da ke bakin Bauchi a kan hanyar Gombe, inda Malam Yakubu ya zauna kafin ya kafa birnin Bauchi. Shi yana Ikko yana kasuwanci, iyali suna gida. Yana so ya tafi da mahaifiyarsa da matarsa da yara biyu 'yan makaranta da jariri na goye. A ƙa'idar yawancin kamfanonin jiragen sama, jaririn da bai kai shekara 2 ba yana biyan kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, domin ba shi da kujera, a cinya ake riƙe shi. Yaro daga shekara 2 zuwa 11 kuwa yakan biya wajen kashi 75 cikin 100, wani tikitin ma ba ragi sam. Idan aka haɗa, wannan gida zai biya kuɗin manya huɗu da rabi da 'yan kai. Ke nan duk ƙarin N100,000 da aka yi a kan tikiti guda, shi a wurinsa N460,000 ne. Haka kuma duk ragin N100,000. Wanda zai tafi shi kaɗai yana iya runtse ido ya biya. Mai iyali ba shi da wannan dama. Ga kuma fasfo, wanda tun 1 ga Satumba 2025 ƙaraminsa mai shafi 32 ya koma N100,000, kuma jariri ma sai da nasa.

To, me ya kawo tsadar? Na farko dai Naira ce. Tikitin ƙasashen waje da dala ake lissafa shi, sa'an nan a juya zuwa Naira bisa canjin ranar. Dattawanmu suna tuna 1980, lokacin da dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Kafin watan Yuni na 2023 canjin gwamnati yana wajen N460, da Babban Banki ya saki Naira kasuwa ta yi halinta, cikin 2024 sai da dala ta haura N1,500. Ba sai an yi dogon bayani ba, kujerar Hajji ta ishe mu shaida: a 2023 ba ta kai Naira miliyan 3 ba, a 2025 ta wuce miliyan 8.

Na biyu shi ne yadda kamfanoni ke sayar da kujerunsu, kuma wannan ne yawancin jama'armu ba su sani ba. Mutum yakan ɗauka tun da kujerun bayan jirgi iri ɗaya ne, kuɗinsu ma ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kamfani yakan kasa kujerun nan aji-aji, kowane aji da harafinsa da farashinsa. Akwai 'yan kaɗan masu araha, idan sun ƙare sai a buɗe na sama da su, har a kai ga mafi tsada. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, abinci ɗaya aka ba su, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya, don kawai shi ya sayi nasa wata huɗu da suka wuce. Idan kamfani ya ga lokacin rububi ne, tun farko ma kujerun arahan kaɗan zai fitar. Mun ga ƙarshen wannan a 2022 da 2023, sa'ad da kuɗin kamfanonin waje ya maƙale a Nijeriya don rashin dala, har ƙungiyar IATA ta ce ya haura dala miliyan 800. Kamfanonin suka rufe wa 'yan Nijeriya ajin araha, Emirates kuwa ya daina zuwa ɗungum a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba 2024, bayan an biya bashin.

Har wa yau mutanen Arewa sun yi wata hasara da ba a cika faɗa ba. Shekara da shekaru hanyar talaka zuwa Jidda ita ce ta Hartum, a jiragen Sudan da ke tashi daga Kano. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, ya toshe ta. A Hajjin shekarar ma sai da masu jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mahajjaci, domin dole jirgi ya yi zagaye.

Duk waɗannan ba laifin magidancin Inkil ba ne. Inda laifinmu yake shi ne lokaci. Kowa goman ƙarshe yake so, kowa yana so ya yi Salla a Makka ya dawo kwana biyu bayanta. Ba mu kaɗai ba ne kuwa: Musulmin Indunusiya da Pakistan da Masar da Turkiyya duk ranakun nan suke nema, a jirage da masaukai ɗaya. Ba mu ce kada a nemi falalar goman ƙarshe ba, wa zai faɗi haka? Amma falalar Umra a watan Ramalana da malamai suke karantar da mu ta shafi watan ne tun daga farkonsa, kuma mai shakka ya tambayi malaminsa. Wanda ya tafi a goman farko ya dawo kafin tsakiyar wata, jirgi da masauki duka sun fi masa sauƙi, tsohuwa kuma ta fi samun sararin ɗawafi ba tare da an ture ta ba. Wanda kuwa burinsa kawai ya kai gyatuma ta ga Ɗaki ta ziyarci Madina, ga watannin bayan Mauludi nan har zuwa Rajab. Wani abin da ke hana mu, in za mu faɗi gaskiya, shi ne kada a ce wane bai yi goman ƙarshe ba. Wannan kuwa ba dalili ba ne da zai sa mutum ya taɓa jarinsa.

In kuma lalle azumin ake so, to, da sanyin safiya ake kama fara. Kamfanoni suna buɗe sayar da kujeru kusan wata 11 kafin ranar tashi. Wanda ya yanki tikitinsa a watan Mauludi ko na bayansa, shi ne zai tarar da ajin araha. Wanda ya bari sai watan sha ruwan tsofaffi, ragowar ya tarar.

Sai maganar inda za a tashi, wadda ta shafi ku mazauna Kudu musamman. Da yawa sukan ce iyali su taho Ikko a tashi tare, don nan ne jirage suka fi yawa. A yi lissafi tukuna. Ɗauko mutum biyar daga Bauchi zuwa Ikko, ko a mota kwana da yini, ko a jirgin cikin gida, da mai da su bayan an dawo, kuɗi ne mai kauri, ban da wahalar tsohuwa da goyo. Daga Bauchi zuwa Kano ta Ningi da Birnin Kudu kimanin kilomita 300 ne. A Kano akwai Saudia mai tafiya kai tsaye, akwai EgyptAir ta Alƙahira, akwai jirgin Habasha ta Adis Ababa, Qatar Airways ma ya fara sauka can a 2022. Sau da yawa ya fi sauƙi mutum ɗaya ya hau zuwa Arewa, da a sauko da mutum biyar Kudu. A tambayi farashin Kano, a tambayi na Abuja, a tambayi na Ikko, a ɗora wa kowanne kuɗin mota da na kwana, sa'an nan a zaɓa. A kuma ce wa mai sayarwa ya duba kwana biyu kafin ranar da aka so da kwana biyu bayanta, domin wani lokaci bambancin Talata da Alhamis ya isa kuɗin tikitin yaro.

Akwai wata dabara kuma da ejan na ƙwarai ya sani. Idan aka nemi kujera shida a lokaci guda, na'ura takan ba da farashin ajin da ke da kujera shida a buɗe, ko da akwai uku masu araha a ƙasa. In aka raba neman gida biyu a jirgi ɗaya, sai a ci arahar ukun. Sharaɗi dai kada a raba yaro da babba a takardar. Idan kuma matafiya sun kai 10, yawancin kamfanoni suna da farashin ayari: a ba da kafin alƙalami a riƙe kujeru, a cika kuɗi daga baya. A nan ne muke kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu. Mutanen da suka iya haɗa kuɗi su ɗauki tirela guda ta kawo shanu ko albasa daga Arewa, ba za su kasa haɗa gida huɗu ko biyar su nemi farashin ayari ba. Adashi ma ba baƙon abu ba ne gare mu. A fara zubi bayan Babbar Salla, a kwashe a watan Mauludi.

Amma fa a yi hattara, ba kowace araha ce araha ba. Tikitin da zai ajiye tsohuwa mai azumi da jariri awa 12 a filin jirgin wata ƙasa, a duba ko ragin ya kai wahalar. A tambayi kilo nawa ne kaya, domin mun san alhazanmu da tsaraba. A tambayi nawa ne tarar canza rana, kuma in biza ba ta fito ba, ko ana mai da kuɗi. Mafi muni shi ne dillalin da zai nuna maka takarda mai sunanka da ranar tashi, alhali kujerar an riƙe ta ne kawai ba a biya ba, bayan 'yan kwanaki ta faɗi. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma kowane matafiyi da tasa, har jariri. A karɓi lambar, a sa yaro mai waya ya duba ta a shafin kamfanin jirgin, ko a je ofishinsu da ƙafa. Kada a ba kowa kuɗi sai kamfanin jirgin yawo mai lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, watau NAHCON, a biya ta banki da sunan kamfani, a karɓi rasit. Biza ma a tabbata irin wadda aka ce ita aka bayar. Ba mu manta da Nuwamba 2023 ba, lokacin da jirgi ya sauka Jidda da fasinja 264 daga Nijeriya, hukumomin Saudiyya suka shigar da 87, suka juyo da 177.

Gwamnati kuma tana da nata. A ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ya fara zuwa Landan daga Ikko, nan da nan kamfanonin waje suka sauko da farashinsu. Ashe dama ana iyawa. Abin da gasa ta yi wa hanyar Landan, muna so Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta bari ta yi wa hanyar Jidda da Madina: a ba kamfanoni na gida da na waje izinin ƙarin sawu daga Kano a Sha'aban da Ramalana, a kuma sanar da wuri don jama'a su shirya. A sake duba harajin da ake ɗora wa tikiti, irin kashi 5 cikin 100 na hukumar NCAA da dala 100 na filin jirgi, wanda dala 50 ne kafin 2020. Mai iyali sau biyar ko shida yake biyan waɗannan.

Ga kuma filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, wanda aka buɗe a 2014. Kowace shekara manyan jirage suna kwasar alhazan Bauchi daga nan zuwa Ƙasa Mai Tsarki, da an gama Hajji kuwa sai ya koma jiran jiragen Abuja. Filin da ya ɗauki mahajjata zai ɗauki masu Umra. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Bauchi da hukumar jin daɗin alhazanta su zauna da kamfanonin jirgin yawo masu lasisi, a shirya shatar jirgi ko da sawu biyu ne a azumi, ɗaya a farkon wata, ɗaya a tsakiya, a buga farashi a fili tun watan Rajab. Mutumin Inkil zai fita gida bayan sahur ya kai filin jirgi kafin hantsi, mutanen Gombe da Azare da Misau ma za su amfana.

A gaggauta kuwa, domin azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 ya kama 1 ga Maris, a 2026 da 2027 yana cikin Fabrairu, a 2028 da 2029 cikin Janairu. A 2030 sau biyu zai zo, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Watau nan gaba kaɗan masu Umra za su riƙa neman kujera a mako ɗaya da masu zuwa gida Kirsimeti da masu komawa Turai da Amurka bayan hutu, a jiragen Alƙahira da Doha da Adis Ababa ɗin nan da muke bi.